Akwatin agajin gaggawa

Yau wajen ƙarfe 11 aka kira ni daga makarantar su 'yata, ciwon sikilarta ya tashi. Na tarar da ita kwance kan benci a ofishin hedimasta, malamarsu na yi mata fifita da littafi. Ta buɗe akwatin agajin gaggawa a gabana: auduga, almakashi, sai kwalbar aidin da ta bushe. Ko farasitamol babu, balle nas. Da kuɗinta ta sayo ruwan leda, don ta san ƙishirwa na tsananta ciwon.

Tun 2006 Najeriya ke da manufar lafiyar makarantu a rubuce. Ni dai muryar malamar nan ta tsaya min a rai: "Hajiya, ki yi haƙuri, iyakar abin da muke da shi ke nan." In ta warware, can zan sake mayar da ita.