Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Abin da Na Gani a Ɗakin Kifaye

A makon jiya mun tsaya a inda aka mayar da ni sashen kifaye na ɗakin bincike, kuma a nan ne na fara sanin cutar Diamond-Blackfan, wadda wasu likitoci biyu na Amurka suka bayyana a 1938. Ana haifar jariri ɓargonsa ba ya samar da jajayen ƙwayoyin jini yadda ya kamata, kuma yawanci kafin ya shekara sai a ga ya ɗashe. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu cutar, illar tana cikin ƙwayar gadon da ake kira RPS19, wadda ke da hannu wajen gina ribosom, inda jiki ke harhaɗa furotin. Da yawansu da ƙarin jini suke rayuwa, shi kuma ƙarin jinin yana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya.

A 2012 mujallar Blood ta wallafa bincike biyu, ɗaya a kan kifin zebira, ɗaya a kan ɓeraye, waɗanda suka nuna cewa lusin, ɗaya daga cikin amino asid, wato tubalan ginin furotin, da muke samu a abinci, yana rage ƙarancin jinin; binciken kifin ya nuna cewa yana yin haka ne ta hanyar zaburar da mTOR, tsarin da ke umartar ƙwayoyin jiki su harhaɗa furotin. Wannan gwajin aka sa ni in koya.

Ɗan tayin kifin zebira garai yake, ana hango cikinsa. A ƙarƙashin madubin likita ina kallon zuciyarsa tana bugawa, kuma idan ya kwana biyu aka sa masa rinin da ke kama himogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja, mai lafiya sai ƙirjinsa ya yi ja-ja mai duhu, wanda aka raunana wa ƙwayar gadon kuwa ya fito fari fat. Lusin ɗin a ruwansu nake zubawa. Ranar da na fara ganin launi ya ɗan dawo wa wasu daga cikinsu, hannuna har rawa yake yi.

Na ce wa shugabarmu, “Malama, ashe an samu magani?” Ta girgiza kai ta ce, “Ɗalibata, sake ƙirgawa, amma wannan karon a rufe miki sunayen kwanukan.” Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin idon mai fata yana ganin abin da yake so, kuma iyayen da ke kwana a asibiti da 'ya'yansu sun cancanci ƙirgar da babu son rai a cikinta.

Yadda aka koma da ni kan ɓeraye kuwa, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.