Saƙon Godiya Bayan Kare Kundi da Walima

Alhamdu lillahi. An naɗe tabarmi, an mayar da tukwanen aro, baƙin nesa duk sun sauka lafiya. Sai yau na samu na miƙe ƙafa na riƙe waya. Ba zan sake jan labarin kwanciyata asibiti ba, ko na kwamfutar da ta mutu da babi biyu a cikinta. Kun sha ji, da yawanku ma da ku aka yi ta fama. Shekara huɗu ina bin sawun mace ɗaya, Käthe Kollwitz, yau ga shi Allah ya sauke mini nauyin.

A wajen walima an yi ta tambayata wai me matar nan ta yi har ta ci mini shekara huɗu. Bajamushiya ce, an haife ta a 1867, ta rasu a Afrilun 1945. Sana'arta ta sassaƙa zane a jikin katako, ko ta ƙarce shi a farantin jan ƙarfe, ko ta zana a kan dutse, sai a shafa tawada a danna takarda, hoton ya fito kamar an buga hatimi. Mijinta likitan talakawa ne a Berlin, kuma irin matan da ke zuwa wurinsa da yara marasa lafiya su ta fi zanawa. A 1919 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin majalisar masu fasaha ta Prussia, wani babban yanki na Jamus a wancan lokacin, a 1933 'yan Nazi suka tilasta mata fita. Ni dai aikina a kan takardunta ne: wasiƙunta, da littattafan da ta riƙa rubuta abin da ke ranta daga 1908 zuwa 1943, shekarar da bom ya rushe gidanta ya tafi da ayyuka da takardu masu yawa.

Rana ɗaya ce ba ta barin raina. Wata uku ke nan da rasuwar ƙanena a bakin daga, na koma Berlin da ƙyar, ina zaune a ɗakin karatu na ma'ajiyar takardu. Na iso ƙarshen Oktoban 1914 a littafinta, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗanta Peter yana da shekara 18, bai kai ya shiga soja ba sai da yardar uba, kuma ita ce ta roƙar masa mahaifin har ya amince. Ranar 30 ga wata layi ɗaya tak ta rubuta, kalmomin sanarwar da aka kawo musu cewa ɗansu ya faɗi, wato an kashe shi a yaƙi. Na san da layin tun kafin in je, na ma koyar da shi. Amma ran nan sai hannuna ya kama rawa, fensir ya faɗi, na kasa sunkuyawa in ɗauka. Tsoro ya kama ni cewa shi ke nan, ba zan iya ƙarasa aikin nan ba.

Wata dattijuwa ce a teburin gefe, farin gashi, da gilashi rataye a wuya. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauko fensirin ta ajiye, ta rufe mini fayil ɗin a hankali, ta kama hannuna muka fita waje cikin sanyi. Ta sayo mini shayi, muka zauna kusan awa guda. Daga baya duk Talata sai ta zo ta taya ni karanta wuraren da rubutun hannu ya gagare ni, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Na san ba ta jin Hausa, amma zan karanta mata wannan ta waya. Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka mata da mafificin alheri.

An ce ba a ware suna a godiya don kada wani ya ji an manta shi. Ku yafe mini, sai na ware. Goggo ƙarama, ke kika riƙe mini yara shekara biyu, har da kwanan asibiti lokacin ƙyanda, ba ki taɓa gaya mini ba sai da suka warke. Yaya babba, kai ka sayar da fulotinka ka aiko, ka ce in yi shiru. Ga shi na faɗa. Maigida, Allah ya bar mu tare, haƙurinka ya fi ƙarfin bakina. Malamaina na Zariya da suka fara ɗora mini wuƙar sassaƙa a hannu, da 'yan'uwa ɗalibai da suka yi karo-karo aka gyara kwamfuta, Allah ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, ya raya muku zuri'a, ya sa ku gama da iyayenku lafiya, ya tsare ku daga jin irin sanarwar da muka ji.

Akwai waɗanda gidansu bai kai tafiyar minti goma ba, mun ajiye musu kujera har magariba. Wataƙila uzuri ne. Abincinsu dai an aika.

Da dare bayan kowa ya tafi, na nuna wa Umma kwafin hoto ɗaya cikin hotuna bakwai na katako da Kollwitz ta yi a kan yaƙi, wanda iyaye mata suka dunƙule wuri guda, hannuwa sarƙe, yara na leƙowa ta tsakaninsu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ita ma nata bai dawo ba ko?" Na ce bai dawo ba, Umma, jikanta ma ya tafi a 1942. Ta ce in sa a yi masa firam, a ɗakinta za a rataye.

Duk wanda ya karanta wannan, ya sa ƙanena a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.