Rigar ruwa mai zama rumfar kwana: inda muka kwana a zaɓe da ɗinki

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. A zaman da ya gabata mun tsaya kan tambayar wace rigar ruwa ce, irin faffaɗar nan da ake zurawa ta wuya, za ta rufe matafiyi da jakarsa da rana, da dare kuma a kafa ta a kwana a ƙarƙashinta. Ga matsayar da aka cimma: a fara auna ta a matsayin rumfa kafin a duba yadda take zama a jiki, domin kusan kowace tana sawuwa, kaɗan ne ke kwanuwa.

Tsawo ne kan gaba. Yawancin na kasuwa ba su wuce santimita 210 ba. Mutum mai tsawon santimita 170 idan ya miƙe a ƙarƙashinta, santimita 20 kacal ya rage ta kai da ta ƙafa. Hadarin Sakkwato kuwa daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwan ya zo a karkace, don haka wannan rarar ba ta hana feshi. A nemi riga mai tsawon santimita 265 zuwa 270, faɗi 145 zuwa 150. Faɗin ba ya wuce haka saboda iyakar faɗin yadin ke nan. Sai dai idan aka huda wuyan doguwar riga a tsakiya, za ta riƙa jan ƙasa tana kwasar ƙarangiya. Shi ya sa ake matsar da wuyan: santimita 115 a gaba, 155 a baya. Rarar bayan ita ke rufe jaka, in babu jaka a naɗe ta ciki a ɓalle da maɓallai.

Batun yadi ya fi ɗaukar lokaci. Nailan mai shafen silikon yana da ƙarfi, amma yana shan ruwa ya saki, rumfar da aka ɗame da magariba sai a tarar ta sauko kan fuska tsakar dare. Foliyesta mai silikon ba ya saki haka, kuma ya fi jure rana, wanda a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba ƙaramin abu ba ne. Shi muka zaɓa, mai kaurin zare 20D, rigar ta tsaya wajen giram 250 zuwa 300. Wanda aka shafa wa PU (wani shafen roba mai hana ruwa) ta ciki ya fi araha, amma zafi da laima suna cin shafen, ya fara danƙo da wari, daga baya ya riƙa ɓarewa. A duba lambar jure ruwa: 1,500 mm ita ce mafi ƙaranci, 3,000 mm ta fi kwantar da hankali a watan Agusta.

Sai wuraren ɗaure igiya. Zoben ƙarfe da ake bugawa a sirantaccen yadi shi ke fara yagewa idan iska ta fizga. Kunnuwan kirtani da aka ɗinka kan ƙarin ƙyalle sun fi, guda takwas aƙalla: kusurwa huɗu da tsakiyar kowane gefe. Masu ɗinkawa da kansu su sa allura lamba 70 ko 80, zaren foliyesta, tazarar ɗinki milimita 3. Ɗinki mai matsewa sosai yana jera huji, yadin ya tsage a kan layin. Kada a soka fil a tsakiyar yadi, a riƙe baki da ƙananan maƙalai. Ɗinkin da ya kewaye wuya nan ne ruwa ke shiga, kuma salatif ɗin toshe ɗinki ba ya kama silikon. Ana dama silikon ɗin gilashi da man tsinka fenti har ya yi kaurin zuma, a shafa da ƙaramin buroshi, a bari ya kwana a inuwa inda ƙura ba ta kaiwa.

Wajen kafawa, a fara murɗe hular da ke wuyan rigar a ɗaure ta tam, a ja ta sama da igiya. In aka manta, ita ce za ta zama mazurari. Idan aka yi mata rufin jinka biyu, kowane gefe santimita 75 ne. Aka ɗaga tsakiya santimita 60, faɗin ƙasa ya zama 90, daidai tabarmar mutum ɗaya, ba a zama sai kwanciya. Idan hadari ya haɗo, gara a kafe dogon gefe ɗaya a ƙasa ta gabas, a ɗaga na yamma da sanda ɗaya a tsakiya, baki ya juya wa iska baya.

Turke siriri ba ya riƙe yashi. A ɗaura igiya a tsakiyar itace mai tsawon santimita 30, a kwantar da shi a rami mai zurfin taƙi ɗaya, a binne a tattake. Igiya mai kaurin milimita 2 ta isa, guda shida masu tsawon mita 1.5 da biyu masu mita 3. A guji kwari da bakin fadamar Rima, inda ruwa ke taruwa cikin dare, da gindin dogon itace guda ɗaya saboda tsawa, da ƙarƙashin bagaruwa saboda ƙaya.

Abu biyu ne rigar ba ta magancewa. Da zarar ta zama rumfa, ba ka da rigar ruwa, don haka a kammala ɗebo ruwa da sauran hidima kafin a kafa. Sannan ba ta da ƙasa kuma ba ta tare sauro. Da damina dole a haɗa da ƙaramin gidan sauro da ledar shimfiɗa, a kuma kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Nauyinsu a lissafa shi tun farko.

Mataki na gaba shi ne gwajin ɗinkin wuya: a kafa rumfar a tsakar gida, a zuba ruwa da buta daga sama, wani yana ciki yana sa alama da alli duk inda ya ɗiga.