Fiƙar da ta maƙale a ƙashi da batun faɗin muƙamuƙin sama

Idan na nuna wa iyaye hoton X-ray na fiƙar yaronsu tana kwance cikin ƙashi ta ƙi fitowa, kusan kullum tambayarsu ɗaya ce: "Likita, wuri ne bai ishe ta ba?" Tambaya ce mai ma'ana, mu ma masu aikin daidaita haƙora mun daɗe muna yi wa kanmu ita. Amsata a yau ita ce wani lokaci e, amma sau da yawa a'a, kuma ba a sanin wanne ne sai an auna, an kuma san abin da ake aunawa.

Fiƙar sama tana soma samuwa can sama kusa da gefen hanci, ƙarƙashin kwarmin ido, don haka ta fi kowane haƙori doguwar tafiya kafin ta huda dasashi. Galibi tana fitowa a shekara 11 zuwa 12. Idan aka cire haƙorin hankali, babu haƙorin da ya kai ta yawan maƙalewa. Abin yana samun mutum 1 zuwa 3 cikin ɗari, kuma ya fi yawa ga mata, kusan ninki biyu. In ta ɓata hanya, ko ta karkata waje ta wajen leɓe, ko ta faɗa ciki ta wajen ganɗa. Wannan bambancin shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin waɗannan biyun ba ciwo ɗaya ba ne. Tun a 1983 wani mai bincike mai suna Jacoby ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na fiƙoƙin da suka maƙale ta ganɗa suna da isasshen wurin fita, ba su dai fita ba. Waɗanda suka karkata ta leɓe kuwa, yawancinsu cunkoso ne ya tare musu hanya.

To yaya ake auna faɗin? Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki siffar haƙoran a zuba ta da filasta, ko a yi amfani da na'urar da ke ɗaukar siffar baki ta saka a kwamfuta. Ni har yanzu ina son riƙe filastar a hannu. Nakan kifa ta a tafin hagu, ganɗa na kallon sama, in ɗiga alama da fensir mai tsini a turmin farko na dama da na hagu, daidai inda tsagin da ke gefen ganɗa ya sauko ya haɗu da dasashi. Sai in ɗora bakin ma'auni mai ƙafa biyu a kan ɗigon nan, in karanta, in ɗaga, in sake ɗorawa. In karatun biyu sun saɓa da fiye da rabin milimita, ban yarda da ko ɗaya ba, sai na sake. McNamara na Jami'ar Michigan a Amurka ya ce idan wannan tazara ta kai milimita 36 zuwa 39, galibi tana ɗaukar haƙora masu matsakaicin girma ba tare da cunkoso ba, in kuwa ta gaza 31 to akwai alamar ƙunci. Bayan turame sai in koma kan ƙananan turamen da ke bayan fiƙa in auna su ma, don a nan ne ƙuncin gaban baki yake nuna kansa.

Akwai tsohon lissafin Pont na Faransa, na shekarar 1909, wanda ke hasashen faɗin da ya kamata daga jimlar faɗin haƙoran gaba huɗu. Ana koyar da shi har yanzu, amma ba na dogara da shi. A kan bakunan Faransawa aka gina shi, kuma yaran da fiƙarsu ta maƙale sau da yawa haƙoransu na gaba ƙanana ne, sai lissafin ya karkace tun daga tushe.

Babbar matsalar awon filasta ita ce faɗin haƙora yake ba ka, ba faɗin ƙashi ba. Na sha ganin bakin da ganɗarsa ke da zurfi da ƙunci, amma turamen sun jingina waje don su haɗu da na ƙasa. Ma'auni zai ce maka lafiya lau, alhali ƙashin da ke ɗauke da su matsattse ne. Shi ya sa bayan lamba nakan ɗago filastar daidai ido in dube ta daga baya, in ga ko turamen a tsaye suke ko a kishingiɗe. Don ganin ƙashin kansa, a da hoton X-ray na kai ta gaba ake ɗauka, a auna tsakanin wurare biyu inda muƙamuƙin sama ya haɗu da ƙashin kunci. Sai dai ƙasusuwa suna hawa kan juna a wannan hoton, kuma in yaro ya ɗan juya kai awon ya ɓaci. Hoton CBCT, wani nau'in X-ray mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, wanda ya shigo a ƙarshen shekarun 1990, ya warware wannan, domin yana nuna ƙashin yanki-yanki ta kowace fuska, ka auna kasan hanci, ka auna tushen muƙamuƙi, ka auna ƙashin da ke riƙe saiwoyi, kowanne daban. Duk da haka ba na tura yaro ya sha ƙarin tururin X-ray, wanda yawansa ke iya cutarwa, don kawai in san faɗi. In akwai dalilin ɗaukarsa, misali ina tsoron fiƙar na cin saiwar maƙwabcinta, to in ya zo sai in auna faɗin a kai.

Masu bincike sun yi ta wannan awo, kuma ba su zo da magana ɗaya ba. McConnell da abokan aikinsa a 1996 sun sami ƙunci a gaban muƙamuƙi ga masu fiƙar da ta maƙale. Langberg da Peck a 2000 sun auna masu fiƙar ganɗa, ba su ga wani bambanci tsakaninsu da sauran yara ba. Al-Nimri da Gharaibeh a Jodan, a 2005, sun tarar muƙamuƙin masu fiƙar ganɗa ya ma fi faɗi. Schindel da Duffy a 2007 kuwa sun ga alaƙa tsakanin ƙunci da alamun maƙalewa ga yara masu famfara. Mai karatu zai iya cewa to ai ba su san abin da suke yi ba. Ni ba haka nake gani ba. Wasu sun haɗa fiƙar leɓe da ta ganɗa a rukuni ɗaya, wasu sun raba. Wasu haƙora suka auna, wasu ƙashi. Shekarun yaran ma ba ɗaya ba.

Sannan akwai abin da ya fi damuna. Ƙashin da ke riƙe haƙori yana girma ne tare da fitowar haƙorin. Inda fiƙa ba ta sauko ba, ƙashin wurin yakan zauna siriri, fiƙar yarinta ƙarama tana nan zaune, haƙoran gefe sun ɗan zamo sun cike gurbin. In ka auna yarinya 'yar shekara 15 a wannan hali ka sami ƙunci a ɓangaren, ta yaya za ka rantse ƙuncin ne ya hana fiƙar fita, ba rashin fitarta ne ya bar wurin a ƙuntace ba? Awon da aka yi bayan abu ya riga ya faru ba ya iya raba waɗannan biyun. Saboda wannan ma nake ganin awon tsakanin fiƙa da fiƙa ba shi da amfani ga waɗannan yaran, tunda ɗayar ba ta wurin.

In ba ƙunci ba ne, me ke ɓatar da fiƙar ganɗa? Wani mai bincike, Becker na Kudus, ya ɗora abin a kan haƙorin gaba na biyu, wanda ke maƙwabtaka da fiƙa. A cewarsa fiƙar tana bin bayan saiwar wannan haƙori tana saukowa, kamar mai lalubar bango cikin duhu, in saiwar gajera ce ko haƙorin babu shi sam, sai ta wuce ta faɗa ganɗa. Peck da abokansa a 1994 suka ce gado ne, shi ya sa take zuwa tare da ƙananan haƙora ko haƙoran da ba su samu ba, kuma tana bin dangi. A kujerata ina ganin hujjar kowannensu. Duk yaron da na ga haƙorinsa na biyu siriri mai tsini, nan take nake tunanin fiƙarsa, ko da bakinsa na da faɗi sosai.

Wannan ba ya nufin buɗa muƙamuƙi ba shi da amfani. Baccetti da abokansa a Italiya, a 2009, sun buɗa muƙamuƙin yaran da fiƙarsu ta karkata ta ganɗa tun suna farkon famfara, sai fiƙar ta fito da kanta ga kusan kashi 66 cikin ɗari, waɗanda aka bari kuwa kusan kashi 14 ne kawai. Na'urar buɗawa tana da sukurun da iyaye ke juyawa a gida, kowane juyi kusan kwatan milimita, har mahaɗar ƙashin da ke tsakiyar ganɗa ta buɗe, wushirya ta bayyana na ɗan lokaci. Aiki ne mai kyau idan ya dace. Amma akwai wanda ya fi shi sauƙi. Ericson da Kurol a Suwidin, a 1988, sun cire fiƙar yarinta kawai ga yara 'yan shekara 10 zuwa 13, kashi 78 cikin ɗari na fiƙoƙin suka gyara hanyarsu. Don haka in awo ya nuna mini ƙunci na gaske, musamman in turamen sama sun shige cikin na ƙasa, ina buɗawa ba tare da jinkiri ba. In faɗi ya isa, ba na ɗora wa yaro ƙarfe a ganɗa don kawai fiƙarsa ta karkace.

Dukkan waɗannan hanyoyi suna buƙatar a gano abin da wuri. Daga shekara 10, duk yaron da ya zauna a gabana nakan ɗaga leɓensa na sama in sa ɗan yatsa can saman fiƙar yarinta, in matsa a hankali. Ya kamata in ji tudu mai tauri a kowane gefe. In na ji a dama ban ji a hagu ba, ko fiƙar yarinta ɗaya na girgiɗi ɗayar na nan daram, ranar za a ɗauki hoto. Ericson da Kurol ɗin nan, a wani bincikensu na 2000, sun tarar fiƙar da ta ɓata hanya ta ci saiwar haƙorin gaba na biyu a kashi 38 cikin ɗari na waɗanda suka duba, kuma yawanci yaro ba ya jin zafin komai yayin da hakan ke faruwa.