Kafin ka ce "Allah ya yi mini alkawari"

A daren 31 ga Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, majami'u sukan cika da masu sujadar shiga sabuwar shekara. A wasu wuraren har kwando ake zagayawa da shi cike da 'yan takardu, kowa ya sa hannu ya zaro ayarsa ta shekara. Ban ga laifin al'adar ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen watan Yuni, sa'ad da wanda ya zaro Irmiya 29:11, inda Allah ya ce shirinsa na alheri ne ba na masifa ba, ya ga aiki bai samu ba, mai gida yana ta aiko saƙon kuɗin haya, sai zuciya ta fara raɗa masa cewa Allah ya saɓa magana. In ka bi diddigin yawancin masu irin wannan kuka, za ka tarar sun riƙe Ubangiji ne da maganar da ya yi wa wani, ko wadda ya ɗaura wa sharaɗi, ko wadda bai taɓa yi ba sam.

Mu ɗauki wannan ayar, tunda ita ce ake yawan mannawa a bayan keke da bangon shago. Wani yanki ne na wasiƙar da annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Ayar da ke gabanta, wato ta 10, ta faɗi wa'adin: shekara 70. Mai shekara talatin da ya ji karatun wasiƙar nan ya san da wuya ya ga ranar komawa da idonsa. Aya ta 5 zuwa ta 7 kuma sun gaya musu abin yi kafin lokacin: su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a. Akwai wanda ya kawo saƙo mai daɗin ji fiye da wannan. A sura 28, wani annabi mai suna Hananiya ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo. Ya yi maganar a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai na wannan shekarar. Ayar tana koya mana halin Allah, cewa nufinsa ga jama'arsa alheri ne ko suna tsakiyar horo. Ba ta ce takardar ɗaukar aiki za ta iso kafin damina ba.

Don haka aikin farko shi ne karanta surar gaba ɗaya, tun daga aya ta ɗaya. Ba ya wuce minti biyar zuwa goma. Kana karantawa, ka nemi amsar tambayoyi uku: wa ake yi wa maganar, akwai "in" ko "idan" a cikinta, an kuma ambaci lokaci? In kana da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 da ta 1979, ka ajiye su gefe da gefe, domin wata kalmar da ta yi maka duhu a ɗaya takan fito sarai a ɗayar.

Tambayar farko ita ce mai tace yawancin kuskure. Alkawarin haihuwar ɗa da tsufa na Ibrahim da Saratu ne. Gafarar da ke 1 Yahaya 1:9, da hikimar da ke Yakubu 1:5, da maganar Ibraniyawa 13:5 cewa ba zai rabu da mu ko ya yashe mu ba, waɗannan na kowane mai bi ne, kuma a kansu ya kamata a jingina nauyin rai. Akwai kuma abin da ba alkawari ba ne ko kaɗan. Karin Magana 22:6 a kan tarbiyyar yaro karin magana ce, tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya. Iyaye mata da yawa a zumuntar mata suna ɗauke da nauyin zargin kai saboda an karanta musu ita kamar takardar yarjejeniya, alhali yaro in ya girma yana da nasa zaɓin.

Filibiyawa 4:13, mai cewa "zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni", ita ma ta sha wahala a hannunmu, musamman a lokacin jarrabawa. Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, kuma a aya ta 11 da ta 12 ya fayyace "kome" ɗin da yake nufi: ƙoshi da yunwa, wadata da rashi.

Sai jira, wanda a nan aka fi yin asara. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi, yana da 100 aka haifi Ishaku. A tsakani, yana da 86, aka haifi Isma'ilu, domin shi da Saratu sun ga abin ya daɗe sun nemi gajeriyar hanya. Kalibu ya ji alkawarin gādon ƙasa yana da shekara 40, ya karɓi garin Hebron yana da 85. Gajeriyar hanya ta zamaninmu ita ce bin masu cewa a "shuka iri" na naira kaza domin a buɗe ƙofa cikin kwana bakwai. Wannan cinikin biri a sama ne. Duk wanda ya sa wa alkawarin Allah farashi da ranar da Littafi bai sa ba, layin Hananiya ya bi. Baiko da zakka suna da gurbinsu a sujada, amma ba kuɗin sayen amsa ba ne.

Jira kuma ba naɗe hannu ba ne. A Ayyukan Manzanni 27 mala'ika ya tabbatar wa Bulus cewa ba wanda zai rasa ransa cikin mutum 276 da ke jirgin ruwan. Duk da haka, da matuƙan suka so su sulale, Bulus ya ce wa sojojin in waɗannan ba su zauna a jirgin ba, ba za a tsira ba. Nehemiya, sa'ad da yake sake gina garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Manomin dankalin turawa a Bokkos ko Mangu da ya dogara ga Allah zai nemi iri mai kyau, ya yi feshin maganin cutar ganye tun damina ba ta yi nisa ba. Mai hawan jini da aka yi wa addu'a a sujadar Laraba zai ci gaba da shan maganinsa har likita ya ce ya isa. Wanda ya watsar da magani don ya gwada bangaskiyarsa ya tuna cewa Shaiɗan ma ya karanto Zabura 91 a kan ƙololuwar Haikali, Yesu kuwa ya amsa masa cewa kada a gwada Ubangiji.

Mantuwa ita ce ɗayar cutar, maganinta kuwa mai araha ne. Joshuwa ya sa an kafa duwatsu 12 a Gilgal domin 'ya'ya su tambaya a ba su labarin ƙetare Kogin Urdun. Ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta zai yi wannan aikin. A ja layi a raba shafi gida uku: kwanan wata da abin da aka roƙa, ayar da aka tsaya a kai, sai abin da ya faru. A cika gida na uku da gaskiya, har da "bai samu ba" da "ya zo ta wata hanya dabam". Littafin da babu irin waɗannan a ciki ba shaida ba ne, talla ce. Bulus kansa sau uku ya roƙa a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. A duba littafin a addu'ar iyali sau ɗaya duk wata uku, yara suna ji.

Mutanen Filato sun binne 'yan'uwa da yawa tun rikicin Satumban 2001, saboda haka maganar amincin Allah a nan tana bukatar a iya baki. A Ayyukan Manzanni 12 Hirudus ya kashe manzo Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku, duk a sura ɗaya, ba a kuma ce Bitrus ya fi bangaskiya ba. Makoki 3:22-23, inda aka ce jinƙansa sabo ne kowace safiya, an rubuta ta ne a kan kufan Urushalima, bayan surori biyu na kuka zalla. In ka je gidan makoki, kada ka yi saurin zaro Romawa 8:28, mai cewa kome na aiki ne zuwa alheri ga masu ƙaunar Allah, a ranar farko, kada kuma ka nemi bayyana dalilin mutuwar. Ka ce, "Mama, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku," ka zauna, ka taya ɗibar ruwa ko jera kujeru. In an ce ka karanta wani abu, Zabura 13 ko Yahaya 11 sun isa. Sauran ayoyin ka riƙe su har mako na uku ko na huɗu, lokacin da masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gida ya yi shiru, sai ka koma.