Aikin Kwalta a Harabar 'Yan Kasuwa

Ƙaramin kamfani gare ni a Birnin Kebbi. Manyan tituna irin na Jega zuwa Yauri sai manyan 'yan kwangila. Namu aikin shi ne harabar gidajen mai, otal-otal, makarantun kuɗi da masana'antun shinkafa. Rola da motar fesa kwalta namu ne, gireda kuwa haya muke ɗauka.

Yawanci mai wuri cewa yake yi, "Injiniya, ni dai in ga wurin ya yi baƙi wuluk." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, baƙin nan bai fi santimita 4 zuwa 5 ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne ke ɗaukar mota." A nan muka fi daɗewa muna ciniki, domin kuɗin da aka binne a ƙasa ido ba ya ganinsa. Wurin da ke kusa da fadama, kamar wajen Argungu, ƙasarsa laka ce, tana kumbura da damina ta tsage da rani. Dole a kwashe ta, a zuba burji hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa ruwa a danne da rola, sannan a shimfiɗa fasasshen dutse. A ba wurin gangare, kamar kashi 2 cikin 100, ruwa ya nufi lambatu. Wanda ya ce a bar lambatu sai baɗi, haƙuri nake ba shi, ba na karɓar aikin, don ruwan Agusta ba ya jiran kowa.

Kwaltar kanta tana barin injin haɗi da zafin digiri 150 ko fiye, a tifa lulluɓe da tamfol. Da hunturu iska na saurin shanye zafin, in ta huce kafin rola ta gama hawa, ba za ta kama ba.

Ba ko'ina nake yarda a sa kwalta ba. A bakin famfon gidan mai, gas da fetur da ke ɗiga suna narkar da ita. Inda tirela cike da shanshera ke juyawa a zafin Afrilu kuma, taya murɗe ta take yi. Waɗannan wurare kankare nake ba da shawara, ko da ribata ta ragu.

Abin da ke ci mini rai shi ne gyara. Manajan wuri zai ga tsaga, ya bar ta har ruwa ya shiga ya jiƙa burjin. Toshe ta da narkakkiyar kwalta kafin Yuni aikin yini ɗaya ne. In ta zama rami, sai an yanke gefensa tsaf, an haƙe har inda ƙasa ke da ƙarfi, an sake ginawa daga tushe. Kwaltar kuma daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta na bin dala, shi ya sa takardar kiyasina ba ta wuce sati biyu.