Neman wa yaro wuri a bencin gaba

Ƙarfe huɗu na yamma nake buɗe ƙofar wurin da nake ba yara darasin yamma a Garwa, arewacin Kamaru, lokacin da rana ta ɗan sassauta, yara kuma sun taso daga makaranta sun sa wani abu a ciki. Ɗakuna biyu ne da rumfa, benci shida da babban allo guda. Ni ce da malamai biyu da nake biya a ƙarshen wata. Yaran da ake kawo mana su ne waɗanda aka gaji da su: wanda ya maimaita aji sau biyu bai iya haɗa baƙi ba, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, da wadda tun da aka sa ta makaranta malami bai taɓa jin muryarta ba.

Kafin in buɗe nan na yi shekara tara ina koyarwa a firamare, cikin malaman da iyaye ke biya daga kuɗin ƙungiyarsu ta APEE. Akwai shekarar da ajina na SIL, wato ajin farko na firamare, ya haura yara ɗari. Na san yadda mutum ke fitowa daga irin wannan aji murya a dushe, bai ma san fuskar waɗanda ke can baya ba. Shi ya sa idan uwa ta zo tana zagin malamin ɗanta nake ba ta haƙuri tukuna, in ce ta zauna ta sha ruwa.

Yawanci uwa ce ke fara zuwa. Takan ce, "Malama, kansa ne ba ya ja." Wata kuma ta rage murya ta ce ana zargin sammu ne ko iska. Ba na musu da kowa a kan wannan. Tambaya nake yi: ya taɓa yin sanƙarau? Ya taɓa zazzaɓin da ya kai shi ga suma? Yankinmu na cikin inda sanƙarau ke yawan ɓulla a lokacin rani, kuma yaron da ya tashi daga ciwon yakan iya rasa ji, wani lokaci a kunne ɗaya kawai, ba wanda ya lura. Sai in koma bayan yaron in kira sunansa a hankali, ta dama da ta hagu. In rubuta ƙananan baƙaƙe a allo in sa shi ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mini abin da ya gani.

Bayan kunne da ido sai harshe. Ɗanmu a gida Hausa yake ji, a unguwa da kasuwa Fillanci, ranar da ya shiga aji kuma a tare shi da Faransanci daga safe har tashi. Don haka nakan yi masa tatsuniya da Hausa in ce ya maimaita mini, ko in ba shi tsabar kuɗi in ce ya ba ni canji. Yaron da ya mayar mini da labarin Gizo daki-daki, ya cire canji bai yi kuskure ba, ba zan yarda a kira shi daƙiƙi a gabana ba. Akwai kuma waɗanda ko an warware musu matsalar harshe, baƙaƙen ba sa tsaya musu. Yau ya gane b, gobe ta zame masa d, alhali a makarantar allo shi ne kan gaba wajen hadda, domin da kunne yake ɗauka. Masana na kiran wannan disleksiya. Ni ba likita ba ce, ba na sanya wa ɗan kowa sunan ciwo. Abin da ya fi ƙarfina, kamar yaron da ke ɗauke wuta na ɗan lokaci ido a buɗe, asibiti nake tura su, don farfaɗiya ma takan zo da wannan siffa.

Darasin yamma shi ake biyana. Amma aikin da ya fi cin raina na safe ne, wato raka iyaye makaranta. Abin da nake roƙo ba shi da yawa: a dawo da yaro bencin gaba, a karanta masa tambaya da baki, a rage masa kwafe dogon rubutu daga allo. Wanda ba ya iya zama kuwa, a ba shi aikin goge allo ko raba littattafai, ya motsa jiki da izini maimakon ya motsa a sha shi da bulala.

Doka tana bayanmu. Dokar tsarin ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan ɗalibi. Dokar 13 ga Afrilu 2010 ta kare masu buƙata ta musamman ta tanadi a sassauta musu ƙa'idar shekaru, a kuma ɗauke wa marasa ƙarfi kuɗin makaranta, duka ko wani ɓangare. Sai dai a aikace ana neman katin shaidar nakasa, wanda ake bi ta ofishin jin daɗin jama'a da takardar likita. A nan ake tsayawa. Uba ya ji kalmar ya miƙe tsaye ya ce, "Ɗana ba nakasasshe ba ne." Ina gane zafin da yake ji, ba na matsa masa. Ga shi kuma abin da ido ba ya gani ya fi wuyar samun takarda.

Farkon fara wannan aiki na yi wani kuskure da har yau yake damuna. Wata yarinya ce ake duka kullum saboda jinkirin rubutu. Na ɗauki kofin dokar na je na karanta wa malaminta a gaban darakta, wato shugaban makarantar. Gaskiya na faɗa, amma na kunyata mutum a wurin aikinsa. Ya daina dukanta, ya kuma daina kallon inda take. Kafin ƙarshen zango iyayenta suka cire ta. Tun daga ranar nake fara zuwa ni kaɗai, in gaishe da malami, in tambaye shi yadda yake fama, sannan in kawo zancen yaro a matsayin neman alfarma. Takardar doka tana cikin jakata, amma da wuya in fito da ita.

Bara aka kawo mini wani yaro ɗan CE1, wato aji uku na firamare, mahaifinsa tela ne. An ce yana da taurin kai, ana magana yana juya ƙeya. Da na gwada shi sai na ga ba ƙeya yake juyawa ba, kunnen dama yake miƙowa. Asibiti suka tabbatar na hagun ya yi rauni. Muka je makarantar tare da uban. Malamin ya saurare mu ya ce, "Hajiya, kowa ɗansa yake so a gaba, bencin kuma mutum huɗu yake ɗauka." Na ce, "Haka ne, Malam. Ba tsakiya nake nema ba. Ka ba shi gefen tagar nan, yadda kunnen da ke ji zai fuskance ka." Ya yi shiru, ya kira yaron, ya tsaya ta hagunsa ya yi magana, yaro bai motsa ba. Ya zagayo ta dama ya maimaita, yaro ya amsa. Uban ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. A hanyar komawa ya ce mini shi da hannunsa ya sha dukan yaron a kan rashin amsa kira.

Kuɗin darasi jaka biyar ne a wata, wasu kuma bi-da-bi suke biya. Rakiyar makaranta ba na karɓar komai a kanta sai kuɗin babur, domin da na sa mata farashi ba wanda zai neme ta. Kasuwa takan buɗe idan jarrabawar CEP ta kammala firamare ta ƙarato, ta mutu murus a dogon hutu, sai Satumba. Na rasa iyaye da dama saboda na ƙi yi musu alkawarin ɗansu zai ci jarrabawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, mukan jinkirta darasi zuwa ƙarfe biyar, mu fito da benci ƙarƙashin dalbejiya.

Gobe da safe ina da zama da wani darakta kan yarinyar da shekarunta suka wuce na ajinta, yana so ya sallame ta. Uwarta ta ce za ta zo, amma uban bai amince ba tukuna, don haka yau bayan sallar isha zan bi ta gidan tare da yayana, ya yi masa magana a zaure.